Mudun Inna Damaris

A Zuru, gindin maina, kusa da tashar Ribah,
nan na kafa lema da benci
da 'yar na'urar tura kuɗi.
Ran Lahadi ni ke kaɗa ganga a majami'a,
hannuna har ya yi kanta.
Sauran kwana shidan kuwa
ba a taɓa tambayata wace waƙa muka rera ba.

Ran Alhamis Baffa Juli ya zo,
sanda a kafaɗa, yana ta rufe masa ido guda.
Ya sayar da bijimi,
ɗansa na kwance asibiti a Birnin Kebbi.
Ya kwance ƙullin bakin riga ya ce,
"Dubu tamanin ne, yaro, aika masa."
Na aika. Ya juya ya tafi.
Da na sake ƙirgawa sai ga casa'in da biyar.
Na ƙirga sau uku, lissafin bai sauya ba.

Sha biyar ta kwanta a tafin hannuna, da ɗuminta.
Mai gida ya ba ni wa'adin Asabar.
Takalmin Lois ya buɗe baki kamar kifin Yauri.
Wata murya mai laushi ta ce,
"Rabo ne, Kefas. Addu'arka ce aka amsa.
Tsoho bai iya ƙirga ba,
kai kuma ba sata ka yi ba."

Sai ga Inna a idona,
zaune kan buhun dawa a tsohuwar kasuwa.
Maƙwabtanta kan bugi gindin mudu da dutse
don ya lotsa ya rage ciki.
Nata kuwa sumul, kamar ranar da aka ƙera shi.
Takan cika har ya yi tozo,
ta tare da hannu, ta ƙara gyara.
Na ce, "Inna, haka za mu yi arziki?"
Ta ja kunnena, ba da zafi ba.

Ta ce, "Kana zaton Yesu na tsayawa ƙofar majami'a
yana jiranka sai wata Lahadi?
Tare muke fitowa da shi.
Ga shi nan zaune kan buhun gero,
yana kallon gindin mudu,
ba bakin mai waƙa ba."

Da ta rasu, abin da muka tarar a akwatinta:
zanen zumuntar mata guda biyu,
allurar ɗinki, da mudun nan.
Na ji kunya ranar, ban ɓoye ba.

Na naɗe lema da rana tsaka.
Ɗan kabu-kabu ya caje ni ɗari biyar
daga aljihun da ba shi da ita.
A kara na same shi, yana alwala bayan shingen shanu.
Na jira ya idar. Na miƙa.
Ya ƙirga a hankali, yana tofa yawu a yatsa,
ya daɗe bai ɗago ba.

"Ɗan wane ne kai?"
Na ce, "Ɗan Damaris mai awo."
Ya ce, "Af. Mai mudun nan.
Shekarar da fara ta cinye gero
wurinta muka yi awo har kaka."
Ya ƙulle kuɗinsa a bakin riga,
ya ce in gaida gida.
Ko sisi bai ba ni ba.

Asabar mai gida ya zo, ya yi faɗa,
maƙwabta na leƙe ta katanga.
Lois ta tafi makaranta da takalmi ɗaure da zare.
Sama ba ta buɗe ta zubo komai ba.

Amma daren Alhamis ɗin na yi barci
irin wanda na manta da shi tun ina yaro.
Da safe na sauko da mudun daga saman kwaba,
na goge ƙurarsa da gefen riga,
na ajiye shi kan benci kusa da na'ura.
Masu zuwa kan tambaya, "Hatsi kake sayarwa kuma?"
In ce a'a.
Na zuba biro da 'yan canji a ciki.
Har yau gindinsa bai lotsa ba.