An Ɗage Zaman

Shekara bakwai ke nan da kafa allon
a bakin fadama, gabas da Kafin Baushe:
"Aikin jinga, kilomita huɗu."
Allon na nan. Fenti ya koɗe,
awaki na sosa ƙaiƙayi a ƙafarsa.
Jingar kuwa a takarda take zaune,
a can aka gina ta, aka biya,
har an yi mata kwaskwarima sau biyu.

Kogin Haɗeja bai iya karatu ba.
Ya shigo mana daren Talata,
ya ci shinkafar Cindo tana da ciki,
ya kwantar da rumbu tara,
ya bar mana tarwaɗa a sahun gaba na masallaci.

Mu goma sha ɗaya muka dangwala yatsa.
Tabawa ta sayar da tunkiya,
ni na jinginar da injin ban-ruwa,
muka ɗauki lauya, yaro ne, takalminsa ɗaya,
muka hau motar asuba zuwa Dutse.

Ran farko lauyan Honarabul yana Abuja.
Muka dawo, mai shari'a ya tafi taro.
Wata rana babu wuta.
Ran da aka kawo wuta, babu fayil,
da fayil ya fito daga inda ya yi ƙaura
aka ce a tsaya tukuna
a gano ko kotun na da hurumi.
Mun san kowane rami a hanyar Kiyawa,
mai ƙosan bakin ƙofa tana ba mu bashi.
Jaririyar da Ladidi ta goyo zaman farko
ita ke karanta mana ranar dawowa yanzu.

Cindo ya rasu bara da kaka,
shi ne babban shaidarmu.
Magatakarda ya kira sunansa sau uku.
Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe,
ya riga mu zuwa kotun da ba a ɗagewa."
Aka ce in zauna,
ba a ba ni izinin magana ba.

'Yan jarida sun zo, kada in ɗauki alhakinsu.
Sun zo ran da aka kawo tallafi,
katan arba'in na taliya da atamfa mai hoto.
Suka ɗauki hannun da ke miƙawa,
gonar da ta zama tafki tana bayan ƙeyarsu.
Wani ya kara mini na'ura a baki,
na zazzage cikina har yawu ya ƙafe.
Da dare muka kewaye rediyon Barau.
Cikin duk abin da na faɗa
"mun gode" kaɗai ta fito,
wadda na ce wa yaron da ya ba ni ruwa.
Daga nan sai sojan baka,
sai kiɗa, sai tallar maganin basir.
Na dai ga farar ambulan a bayan mota.
Bakin da ya ci, ido ke biya masa da kunya.

Mu ma ba wankakku ba ne.
Ranar zaɓe na karɓi sabulu sanda biyu,
ya ƙare kafin sati uku,
dattin bai fita ba har yau.

An ce Honarabul ya sauya sheƙa,
ya yi gaba, wuyansa ya yi kauri.
An ce shi ke shugabantar kwamitin
da zai binciko inda kuɗin jinga ya shiga.
Allah ya ba shi sa'a.
Ba sai ya yi nisa ba.

Gobe ma akwai zama.
Na ƙulle kuɗin mota a bakin rawani.
Ga hadari can ya haɗo ta gabas,
yara na ɗura yashi a buhunan taki,
Tabawa na ɗinke bakinsu da tsohuwar igiya.
Ta ɗago ta ce, "Talle, ka gaya wa alƙali,
ruwa ya aiko da nasa sammacin,
kuma shi bai taɓa ɗage zama ba."