Dusar Ƙanƙara, Daga Tudun Wurno

Hali, saƙonka ya iso jiya bayan isha'i,
hoton wani dutse fari fat, kamar an kifar masa da buhun gari.
Ka ce ta farko ce ta sauka, ba ta zauna ba tukuna,
jagoranku ya hana hawa sai ta kwana uku ta kame,
wai sabuwa takan rufe bakin rami ta yi lumui,
ƙarƙashinta kuwa santsi ne kamar miyar kuɓewa.

Na nuna wa Inna Tumba.
Ta nesanta wayar da ido, ta matso da ita,
ta ce, "Mi as sunanta?"
Na ce dusar ƙanƙara.
Ta ce, "Ashe ƙanƙara na da dusa? Wa ya surfa ta?
Wace malalaciya ta bakace ta bisa dutse ta tahi?
Ko garin babu awaki?"
Sai da shayi ya ƙware ni.

Yau bayan asuba na ce bari in hau namu,
in aiko maka da labarin tudun da ka bari.

Sanyi ya fara, amma yaro ne,
kunne kawai yake cizo, da yatsun ƙafa.
Raɓa ta jiƙa marmara,
tsakuwa na gudu ƙarƙashin takalmi,
sau biyu na gaida ƙasa da tafin hannu.
Ku kuna ɗaura ƙusoshi a ƙafa don ku kama dutse,
nan dutse ne ke kama mu:
ƙarangiya ta ɗinke mini ƙafar wando har gwiwa.
Macizai sun shige.
Ƙadangare bai fito ba, yana jiran rana ta biya shi bashin dare.
Numfashina ya fita fari, ya tsaya gabana, ya ɓace.
Iyakar farin da zan iya aiko maka ke nan.

A tsakiyar hawa na riski Baba Gado
cikin tsohon gwadonsa, awaki na gaba.
Bai da waya, bai tambayi kowa ba.
Ya nuna gawo da sanda: ga ganye ya tsiro.
Ya ce shamuwa ta daɗe da tahiya,
tururuwa ta toshe ƙofa da wuri,
darin bana ba zai yi sallama ba.
Ya ce in bi ta hagu, dama ta zabtare tun ruwan Agusta.

Daga sama, Hali, da ka gani.
Rima na tururi kamar tukunyar da aka buɗe,
an yanke shinkafa, fadama ta yi aski,
can ƙasa mutane sun duƙa suna dashen albasa,
injin ban-ruwa na tari, yana ƙin tashi.
Falalen nan da muke zama da Baba muna ɓare gyaɗa
yana nan, sanyi ƙalau.
Sunanka da ka karta da ƙusa ya rage haruffa biyu.
Na zauna a kansu har suka yi ɗumi.

Saukowa ta fi hawa wuya, gwiwa ta fara tsegumi.

Inna na bakin murhu da na dawo.
Ta ce in gaya maka:
kada ka taka abin da ba ka ga ƙasansa ba,
ka soka sanda kafin ka miƙa ƙafa,
ka shafa man shanu a duga-dugai.
Sannan in za ka dawo hutu,
ka ƙullo mata dusar nan kaɗan a leda,
ta ga ko akuyarta za ta ci.

Ban gaya mata ba.
Kai ma kada ka gaya mata.