Ƙusa a Cikin Darbejiya

Kafin rana ta leƙo ta bayan dutsen Totil
na gama wasa haƙoran sarƙa da magagari,
ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jan carbi.
Babikir ya ɗaura wa jaki amalanke,
ya loda igiya biyu, tsani, adda,
da galan ɗin fetur da muka saya a bayan fage
da tsadar da ko zuma ba ta kai ba.

Kasala garin mangwaro ne da lemo,
amma ni darbejiya ke ciyar da ni.
Ita ke jingina da katangar mutane,
ita ke shafa wayar lantarki da dare
har maƙwabta su daina gaisawa.

Dattijo Tajussir ne ya aiko.
Mun same shi a bakin gado, gahawa na huci,
ya nuna ta da sanda, bai ko dube ta ba.
"Kayar da ita. Saiwarta ta tsaga min ɗaki."
Na yi lissafi a zuci:
kuɗin kayarwa ya ninka na aski sau uku,
itacen kuma nawa ne,
mai gidan burodi na jira tun Talata.

Na buga gindinta da ƙeyar gatari,
na kasa kunne.
Bishiyar da gara ta cinye amsawa take kamar ganga.
Wannan ta yi gum. Lafiyarta lau.

Na ja ɗamara, na jefa igiya, na hau.
Daga can sama kogin Gash kwance yake, yashi zalla,
mata na shanya a kan rufi,
kurciya ta bar min ƙwai biyu ta tsere.
Reshe ba a fara masa ta sama;
sai ka tsaga cikinsa tukuna,
in ba haka ba ya tafi da ɓawo,
ko ya tafi da kai.
Wanda ya koya min wannan yatsunsa takwas ne.

"Sassauta!" Babikir ya sassauta.
Reshe na sauka a hankali kamar guga a rijiya.
Garin katako a gemu, ɗaci a harshe,
rina ta sallame ni a wuya, na amsa.

Da azahar na sauko kan gangar jikin.
Injin ya shiga kamu ɗaya, ya yi ƙara,
tartsatsi ya tashi, sarƙa ta tsaya cik.
Haƙora uku sun tafi.
Na tona da bakin adda:
ƙusa ce, doguwa, ta yi tsatsa,
itace ya haɗiye ta har kai.

Dattijon ya taso da kyar,
ya sa yatsa a kanta, ya daɗe.
"Nan Batul ke rataye salka," ya ce,
"shekarar da Gash ya shigo mana gida."
Bai ƙara ba.
Gahawa ta huce, ƙuda ya faɗa ciki.
Can ya ce, "Saiwar fa, ana iya datse ta ita kaɗai?"

Ana iyawa.
Mun haƙa har la'asar, mun datse guda biyu,
na cuɗa laka da toka na toshe raunin.
Ƙusar na bar ta inda take.

Kuɗin aski ya ba ni, da kofin shayi.
A hanya Babikir na ƙirga su a kan cinya,
ya ce ba su kai rabin sabuwar sarƙa ba.
Na ce ya kula da jaki, ga rami.
Mai gidan burodi zai samu rassa kawai,
su ma ɗanyu ne, sai sun sha rana.