Kuɗin Matattun Kantuna

A Garwa, in an idar da isha'i,
nakan juye gwangwanin madara a kan tabarma.
Talatin da shida ne.
Ko ɓarin goro ba za su sayo ba.

Wannan mai kusurwa shida na 'yan dako ne:
buhun gyaɗa ɗaya, ƙarfe ɗaya,
lokacin da jirage ke hawo Binuwai da damina.
Da yamma a ƙirga, a biya mutum ladan wuyansa.
Shi bai isa wurin ƙirga ba.
Ban sani ba, shi ne ya faɗi
ko mai shi.

A wurin Iya Barmani mai ƙosai na same shi,
ta tokare ƙafar tebur da shi.
Ta ce, "Hamajoda, da furfurarka
kake tsince-tsince kamar kaza?"
Ta karɓi dala ashirin tana dariya har da tari.

Maƙera sun cinye 'yan'uwansu,
sun zama zobba, sun zama munduwa.
Waɗanda suka tsira ina dirje su da tsamiya da toka
har sunayen su farka.

Da akwai wani na tagulla mai huda a tsakiya,
hoton ma'auni a fuska, ajami a baya:
"Ɗan'azumi. Mai wannan yana bin mu sabulu ɗaya."
In canji ya yanke masa, shi yake miƙa maka.
Wayo ke nan:
canjinka na aljihunka,
ƙafarka na hannunsa.

Bara na nemi inda kantin yake.
Rumfar cajin waya na tarar,
da wani saurayi, Sanda, yana gyangyaɗi.
Don wasa na ajiye masa a kan katako,
na ce na zo karɓar bashi.

Ya juya shi, ya sake juyawa.
Ya karanta sunan kakansa da leɓe kawai.
Sai ya tsallaka titi
ya dawo da sabulu a hannu.
Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, mun makara."
Ya jefa tagullar a aljihu,
don wanda aka biya ba ya riƙe shaida.

Da talatin da bakwai ne.
Sabulun na nan cikin gwangwani,
ya tsattsage, ƙamshin ya tafi.
Matata ta tambaye shi sau biyu ranar wanki.
Na hana.