Minti Biyar

Litinin, takwas da rabi,
Rifkatu ta kira ni daga ofishin iri da taki
na bayan Tashar Dukku:
"Kwairanga, yi sauri. Kwamfuta shida,
ba wadda ta san mai ita."

Na tarar da Gidado akanta yana gumi.
Ya buga kalmar sirrinsa sau tara,
ya gwada ta bara, ya gwada sunan 'yarsa ta fari,
allon na maimaita masa magana ɗaya ba kunya:
amana tsakaninka da garke ta yanke.
"Amana?" in ji shi.
"Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da kuɗin gidan nan,
ko sisi bai taɓa yin ƙafa ba!"
Na ce, ba da kai take ba, Malam.
Ya harare ni kamar da ni aka haɗa baki.

Na durƙusa ƙarƙashin tebur
ina bin waya kamar mai bin sawun akuya.
Ɓera bai ci ba.
Fitilun akwatin rarraba suna ƙiftawa lafiya lau.
Na aika wa uwar garke sallama, ta amsa.
Na tambayi sunanta, ta faɗa daidai.
Hanya na nan, suna na nan,
to me ya hana a gaisa?

Hajiya Dudu ta leƙo, makullai na kaɗawa a hannunta:
manoman Kwami sun cika baranda,
hadari ya haɗu a gabas,
kuma ba rasit, ba buhu.

Can ƙurya, bayan buhunan yuriya,
uwar garke na zaune tana huci.
Wuta ta ɗauke tun Juma'a, janareta ba mai.
Na share ƙura, na dubi agogonta:
sha biyun dare, ɗaya ga Janairu,
a wata shekara da Rifkatu ba ta gama firamare ba.
Wani ɗan batir ne ya mutu a cikinta,
bai fi maɓallin kaftani ba.

Ƙa'idarsu ke nan, ba ni na kafa ba:
in agogo biyu suka saɓa da fiye da minti biyar
uwa ba ta karɓar ɗanta.
Ba gaba ba ce.
Gani take baƙo ne
daga lokacin da bai zo ba tukuna.

Mai gyaran agogo na bakin kasuwa ya sayar mini da sabo.
Na saka, na saita, na tayar.
Ɗaya bayan ɗaya suka buɗe
kamar maruƙa sun ji kukan uwarsu da yamma.
Gidado ya gyara hula:
"Ai na faɗa muku."

Bayan la'asar na biya Pantami.
Mahaifina na kan buzunsa a zaure,
carbi a hannu, ido a kan ƙofa.
Na yi sallama, ya amsa.
Na faɗi sunana, wanda shi ya raɗa mini.
Ya dube ni da ladabin da ake yi wa baƙo:
"Sannu da hanya, samari.
Ko ka ji an fara awon auduga?
Yarona na makaranta, yanzu zai dawo."

Hanya na nan, suna na nan.
Na san cutar, na gyara irinta da safe,
sai dai wannan batirin
ba a sayar da shi a kasuwar Gombe.

Na cire agogon hannuna, na sa a aljihu.
Na ce, an fara, Baba, kuma bana ta yi daraja.
Ya yi murmushi, ya matsa gefe,
ya bar mini rabin buzu,
muka zauna muna jiran yaron.