Hannu Ya Tsaya, Baki Ya Tsaya

Kakata Sau-lin ba ta taɓa cewa za ta aiki ba.
"Wan sik," take cewa, na tafi neman abin ci,
ta ɗaure gashi, ta sauko hawa tara a ƙafa
tun fitilun titi ba su mutu ba.

Shekara talatin da ɗaya tana wanke kwanuka
a bayan wani gidan shayi a Sham Shui Po.
Ta san masu busa ruwa, sarakan surutu,
ta san sarkin macizai, Kam-fai,
mai naɗewa bayan buhunan shinkafa
sai dab da tashi ya fito yana share gumin ƙarya.

Ranar da tulin faranti ya tarwatse
ba ita ta ture ba.
Amma baƙin kasko sai ya sami gadon baya,
ita ta goya shi.
Da yamma mai gida ya soya mata kifin tawada.
Na ce: da daɗi?
Ta yi dariya har da riƙe ƙugu.
"Ba ka ga yadda yake nannaɗewa a wuta ba?
Haka ake naɗe shimfiɗa a bar wa mutane wurinsu."

Washegari ta hau saniya tana neman doki:
sharar kasuwar kifi, rabin albashi.
Dokin bai zo ba.

Yanzu tana kwance,
yatsunta na zagaya bargo kamar mai cuɗa kwano.
"Sau ting, hau ting," in ji ta.
Na riƙe hannun ya tsaya.
Na ɗebo kunun shinkafa a cokali.
Buɗe baki, Po Po,
yau nawa hannun ne ya fita nema.