Rumfar da Ba Ta da Kwano

Kakana kuza ya haƙa a Bukur
har ƙasa ta cinye masa gwiwoyi.
Ramin da ya bari ya zama tafki, kore shar,
yara na jefa dutse su saurari zurfinsa.
Ni ma haƙa nake yi, a ɗaki ɗaya a Rikkos,
sai dai digata maɓallai ce,
ramina kuwa haske yake fitarwa.

Ran Laraba Mama Chundung ta tare ni a Farin Gada,
tsakanin buhun kabeji da kwandon karas.
Ta ce, "Kai ne mai gina rumfa a cikin waya?
Nawa ne fili? Wa ke karɓar kuɗin shara?"
Na ce, babu fili, Mama, suna ake haya, shekara-shekara.
Ta ce, "Af! Sunan nawa ma sai na biya?"

Kwana goma sha ɗaya ina gini.
Wuta ta zo ƙarfe biyun dare, ta gudu kafin asuba,
sanyin Jos na cizon yatsuna.
Waƙafi guda da na manta
ya rushe mini bene sukutum,
na yi ta lalubensa kamar tsakuwa a mudun acca.

Na gama. Na yi wa shafin kwalliya:
tumatir na juyi, latas na kaɗa ganye,
dankalin Bokkos na gangarowa daga sama.
Ta danna a wayarta mai tsagaggen gilashi.
Da'ira ta zaga, ta zaga, ta sake zagawa,
datar ɗari biyu ta ƙone muna kallo.
Ta ce, "Ɗana, ƙofarka ta yi nauyi.
Mai cefane ba ya jira a buɗe masa,
ga rumfar Tasalla nan a wangale."

Na koma na tuɓe wa shafin ado,
na bar hoto ƙarami, farashi, da lamba.
Na ɗora mata na'urar da ake yayi,
mai amsa tambaya ko da tsakar dare.
Wata ta rubuto, "Ba ragi?"
Na'ura ta ce farashi ba ya canzawa.
Mama ta riƙe haɓa.
"Wannan yaron naka bai san albarka ba?
Bai san a taya, a ƙi, a yi kamar za a tafi ba?
Ina gyara? Wa ke sallamar mutum ba gyara?"

Daren nan na zauna ina koya wa injin ciniki.
In an sayi kwando, ƙara albasa uku.
In an gaishe ka, fara amsa gaisuwa.
Kada ka saki kaya don hoton alat,
jira banki ya yi magana da bakinsa.

Akwai abin da ban iya rubutawa ba.
Motar Ɗanliti ta mutu a gangaren Hawan Kibo,
shafi na cewa kaya na hanya,
tumatir na zubar da hawaye a bayan akori-kura.
Wannan ba ni da maɓallinsa.

Amma ran Asabar, ƙarfe uku da kwata,
wayarta ta yi ƙara a ƙarƙashin matashi.
Wata mai gidan abinci a Gwarimpa:
buhu huɗu, an biya, har da na mota.
Da safe ta same ni, ko mayafin sanyi ba ta cire ba.
"Wa ya yi cinikin? Ni fa barci nake."
Na ce rumfar ce, ba ta rufewa.

Ta yi shiru, tana juya wayar a tafin hannu.
Sai ta zaɓo kabeji mafi girma ta dire mini,
ta ɗora karas biyar a kai.
"Wannan naka ne," in ji ta.
"Karas ɗin na yaron ne. Ya fara hankali."